Daga masaƙar Kakuri zuwa Majalisar Dattawa: me ma'aikata suka tsinta a tafiyar Oshiomhole?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu tanka wata magana da ke yawo a bakin ma'aikata duk sanda aka ƙara kuɗin mai ko albashi ya yi nawa. Za ka ji ana cewa, "Da namu ne a sama, da ba haka ba." Nufinsu a ɗauko shugaban ƙwadago a ba shi gwamna ko sanata, shi ke nan ma'aikaci ya huta. To ai an riga an gwada, kuma wanda aka gwada da shi ba baƙo ba ne a Arewa. Kwamared Adams Aliyu Oshiomhole a Kaduna ya koyi duk abin da ya kai shi inda yake a yau. Ya kamata a bi sawunsa dalla-dalla kafin a sake ɗora wa wani irin wannan buri.

An haife shi a 1952 a Iyamho, kusa da Auchi a jihar Edo ta yanzu. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya kama aiki a masaƙar Arewa Textiles, abokan aikinsa suka zaɓe shi sakataren ƙungiyarsu. A 1975 ya koma aikin ƙungiya gaba ɗaya, ya je kwalejin Ruskin da ke Oxford a Ingila ya karanci harkar ƙwadago, sannan a 1982 aka naɗa shi babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, mai hedkwata a Kaduna. A wancan zamani ƙungiyar na da mambobi sama da 75,000, kuma idan aka tashi daga aikin safe a Kakuri kekuna ne ke rufe titi.

Mutane suna tuna shi da kaki da lasifika, amma ainihin sana'ar babban sakatare ciniki ne a kan tebur. Kafin a zauna da ƙungiyar masu masaƙu, sai ya san yadi nawa kowace masaƙa ta saƙa, nawa ta sayar, nawa ke jibge a sito. Idan sito ya cika da kayan da ba a sayar ba, yajin aiki kyauta ce ga mai kamfani, domin ya huta da biyan albashi. Idan oda ta yi yawa, sallah ko kirsimeti na tafe, a nan ne barazanar yaji ke cizo. Kuma ba a tsayawa kan gundarin albashi kaɗai. Ana ja a kan kuɗin mota, kuɗin haya, kuɗin abinci, kuɗin hutu, ladan aikin dare, da abin sallama idan an rage ma'aikata. Sau da yawa a nan ake samo abin da aka kasa samu a albashi, musamman bayan 1986 da shirin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya darajar naira. Bayan an sa hannu, sai sakatare ya koma harabar masaƙa ya tsaya gaban mutane ya karanta musu abin da ya samo. Idan bai gamsar ba, a nan take za a yi masa ihu, kuma a babban taro na gaba shugabannin reshen da suka mara masa baya su sha ƙasa. Wannan tsayuwa gaban masu abu ita ce linzamin shugaban ƙwadago. A riƙe ta, za mu dawo kanta.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, an kafa ta a 1978, kuma sojoji sun rusa shugabancinta sau biyu: Babangida a 1988, Abacha a 1994. Da Janar Abdulsalami ya sake ta, sai aka zaɓi Oshiomhole shugaba a farkon 1999. Ya zo a daidai gaɓa. Jam'iyyun adawa sun yi laushi gaban PDP, saboda haka duk wanda ke jin haushin gwamnatin Obasanjo sai ya waiwayi NLC. A 2000 aka kai mafi ƙarancin albashi naira 7,500 ga ma'aikatan tarayya da 5,500 ga na jihohi. A watan Yunin wannan shekara gwamnati ta ɗaga litar fetur daga naira 20 zuwa 30, aka shiga yaji, ta dawo 22. A Janairun 2002 aka kai ta 26. Wannan karon yajin bai kama ba: kotu ta ce haramtacce ne, aka kama Oshiomhole, cikin kwana biyu aka janye. A Yunin 2003 aka tashi daga 26 zuwa 40, ƙasa ta tsaya cik sama da mako guda, aka rasa rayuka a Legas, aka daidaita a 34. A 2004 an sake yi, har jami'an tsaro na farin kaya suka ɗauke shi a filin jirgin saman Abuja a watan Oktoba, ana jajibirin yajin gargaɗi na kwana huɗu.

A dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Ba a taɓa komawa tsohon farashi ba. Gwamnati ta gano cewa in tana son ƙarin biyu sai ta sanar da goma, a yi yaji, ta "sassauta". Litar da ya tarar a naira 20 ta kai 65 kafin ya bar kujerar a Fabrairun 2007. Ba muna cewa yajin banza aka yi ba, don da babu shi da ƙarin ya fi haka sauri da zafi. Amma abin da ya fi haɓaka a shekarun nan takwas shi ne sunan mutum ɗaya.

Kuma yajin gama-gari ba da baki ake yinsa ba. Majalisar zartarwa ta ƙasa za ta zauna ta ba da wa'adi, kwana 14 ko 21, rassan jihohi su kafa kwamitin sa ido mai zagayawa da asuba yana rufe ƙofofin sakatariya da bankuna. Amma masu riƙe da maƙogwaron ƙasa 'yan kaɗan ne: direbobin tankar mai, ma'aikatan wutar lantarki, na bankuna, na tashoshin jiragen ruwa da na sama, sai 'yan tasha. In waɗannan suka tsaya, komai ya tsaya. In ɗaya ya zame, musamman masu tanka, yaji ya fara tsiyaya. Sannan yaji na da ajali. Mai albashi zai iya jurewa in wata bai yi nisa ba, amma ɗan dako da mai shayi da mai acaba sai sun fita suke ci, kuma bayan kwana biyar ko shida su ne ke fara buɗe kasuwa. Shugaba mai wayo yakan rufe ciniki kafin jama'a su watse da kansu. Oshiomhole ya ƙware a gane wannan lokaci, shi ya sa masu zafin ra'ayi ke zarginsa da saurin janyewa, gwamnati kuma ke ganinsa ƙarfen ƙafa.

Obasanjo ya rama ta hanyar doka. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya kawar da matsayin NLC na uwar ƙungiya tilo, ya buɗe wa TUC, uwar ƙungiyar manyan ma'aikata, ƙofar rajista, ya mai da shiga ƙungiya ganin dama, ya wajabta ƙuri'ar mambobi kafin yaji, ya kuma hana yaji a ayyukan da ake kira na dole. Wannan doka har yau tana nan daram.

A daidai shekarun da sunansa ke tashe, gidan da ya raine shi yana rushewa. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Arewa Textiles ta bi sahu, masaƙar United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta tsaya a 2007. Dalilan sanannu ne: rashin wuta, tsadar baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi, tsofaffin injuna, auduga mara kyau, da atamfar China da ake shigowa da ita ta iyakokin Benin da Nijar a farashin da ko kuɗin zare bai kai ba. Ba laifin mutum ɗaya ba ne. Amma yana da muhimmanci a lura cewa sanda ya shiga siyasa, dubban mutanen da za su iya kiransa da sunansa na yanka su ce masa "ba haka muka yi da kai ba" sun riga sun watse, wasu sun koma acaba, wasu gona, wasu sun mutu suna jiran haƙƙinsu.

Yanzu ga mahaɗar da muke ganin a nan aka yi sake. NLC na da jam'iyyarta. An yi mata rajista a 2002, daga baya ta zama jam'iyyar Labour. Amma da Oshiomhole ya tashi neman gwamnan Edo a 2007, a ƙarƙashin tutar jam'iyyar Action Congress, wato AC, ya tsaya, aka ce ƙawance ne da Labour. Masu kushe sun ce ya ci amana. Mu kuwa muna ganin lissafi ya yi, kuma lissafin daidai ne a wancan hali. Edo na da ƙananan hukumomi 18 da mazaɓu 192. Kowace rumfa na buƙatar wakili wanda zai tsaya tun safe har a ƙirga ƙuri'a, ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi kwafinsa, ya bi akwati zuwa wurin tattarawa. Sai an ciyar da shi, an ba shi kuɗin mota, an kuma tabbata abokin hamayya bai saye shi ba. Ƙungiyar ƙwadago a wurin aiki take da reshe, ba a mazaɓa ba. Malamai dubu a ƙaramar hukuma ba su zama wakilai dubu a rumfuna ba, tunda ba a taɓa tsara su a haka ba, kuma yawancinsu suna tsoron ka'idojin aikin gwamnati. Ga batun kuɗi: kuɗin ƙungiya da ake cira daga albashi doka ta hana a kashe shi a siyasa, sai in tsarin mulkin ƙungiyar ya tanadi haka. Wanda ya ba da wakilai da motoci da lauyoyi, shi ke da bakin magana bayan an ci. Ma'aikata sun ba da ƙuri'a da ihu, ba su ba da waɗancan ba, kuma ba su karɓi ko fallen takarda na alkawari ba. Mutanen da ba sa yarda da mai kamfani sai ya sa hannu a kan kuɗin sabulu, sai ga su sun miƙa jiha guda a kan "ai namu ne".

Hukumar zaɓe ta ce Oserheimen Osunbor na PDP ne ya ci. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke a Maris 2008, kotun ɗaukaka ƙara da ke Benin ta tabbatar a ranar 11 ga Nuwamba, washegari aka rantsar da Oshiomhole. A lokacin shari'ar gwamna a ɗaukaka ƙara take ƙarewa, kuma rantsar da shi a Nuwamba ne ya sa har yau zaɓen gwamnan Edo ba ya faɗuwa tare da na sauran jihohi. Wata 19 ana shari'a, kuma takardun sakamakon rumfuna ne suka yi aiki, ba farin jini ba. Da ya shiga ofis ya tarar PDP ke da rinjaye a majalisar jiha mai kujeru 24, wato ko kasafin kuɗi ba zai wuce ba sai da yardar mutanen Cif Tony Anenih, jigon PDP a jihar. A nan tsohuwar sana'a ta yi rana: ya lallaɓa, ya yi ciniki, ya janye 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ya yi shelar yaƙi da iyayen gida. A Yulin 2012 ya lashe dukkan ƙananan hukumomi 18.

A yi masa adalci. Ya yi tituna da magudanan ruwa a birnin Benin, ya gyara makarantun firamare da sakandare masu jan rufi da har yau ake nunawa. A 2015 da 2016, sanda farashin ɗanyen mai ya faɗi kuma jihohi da dama suka tara bashin albashi na watanni, ma'aikatan gwamnatin jihar Edo suna karɓar nasu, har ya ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 25,000 alhali doka 18,000 ta ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma shi ne kuma ya hana acaba a cikin Benin a 2013. Shi ne aka ɗauka a bidiyo a wannan shekara yana yi wa wata gwauruwa mai kasa kaya a bakin titi tsawa cewa ta je ta mutu, ko da yake ya nemi gafararta daga baya. Shi ne ya dage sai malamai sun rubuta jarrabawar cancanta, ƙungiyar malamai ta ce ba ta san zance ba, aka yi ta ja har ya janye. Abin lura a nan shi ne abin da ya sa ya janye: malamai sun tsaya a matsayin ƙungiya sun ƙi rubuta jarrabawar. Da sun ce "ai Kwamared ne, ba zai cuce mu ba", da an yi. A Kaduna a 2017 an yi irin wannan jarrabawa, malamai sama da 21,000 suka rasa aiki.

Kujerar ce ke juya mutum, kuma hanyar da take bi a bayyane take. Gwamna shi ne babban mai ɗaukar ma'aikata a jiharsa. Duk naira ɗaya da aka ƙara a albashi daga kasonsa na wata-wata take fita, kuma duk kuɗin da aka kashe a tallafin mai ana zare shi ne kafin a raba kason tarayya. Saboda haka kowane gwamna, ko daga ina ya fito, aljihunsa na son a cire tallafi. A Janairun 2012 da gwamnatin Jonathan ta kai lita daga naira 65 zuwa 141, tsohon jagoran yajin 2003 yana zaune a sahun gwamnoni, tsofaffin mataimakansa suna kan titi. Wanda ya san sirrin yaji, ya san ranar da yake fara laushi, ya san wace ƙungiya ce in ta janye sauran za su bi, in ya koma ɗaya gefen tebur ya fi kowane gwamna wuyar sha'ani.

A Yunin 2018 ya zama shugaban APC na ƙasa, kuma a nan salon ya ci tura. A ƙungiya, in majalisar zartarwa ta yanke, kowa ya bi, wanda ya karya yaji a kira shi maci amana. A jam'iyya gwamnoni ne ke biyan kuɗin, ba sa karɓar umarni. Ya tura zaɓen 'yar tinƙe don rage musu ƙarfi, ya yi karo da Gwamna Okorocha na Imo da Gwamna Amosun na Ogun. Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin ƙarshen labarin. Rikicin Gwamna Abdul'aziz Yari da ɓangaren Sanata Kabiru Marafa ya hana a yi zaɓen fid da gwani karɓaɓɓe kafin wa'adin hukumar zaɓe ya cika a Oktoban 2018. APC ta shiga zaɓe ta lashe komai, sai kotun ƙoli a ranar 24 ga Mayu 2019 ta ce ƙuri'un asara ne. Gwamna, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai da kujerun majalisar jiha duk suka tafi, Bello Matawalle na PDP ya hau. Laifin ba na uwar jam'iyya kaɗai ba ne, amma wanda ya yi suna da sasanta rikici a daren ƙarshe ya kasa sasanta wannan. A gida kuma wanda ya ɗora a kujera, Godwin Obaseki, ya juya masa baya, aka rantsar da 'yan majalisa tara da dare aka bar 15 a waje. Mai yaƙi da iyayen gida sai ga shi ana kiransa uban gida. Abin da ya kayar da shi ƙarami ne ƙwarai: shugabannin jam'iyya na mazaɓarsa a Etsako ta Yamma suka dakatar da shi a ƙarshen 2019, kotun Abuja ta dogara da wannan a Maris 2020, ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Yuni, aka rusa kwamitinsa aka ba Mai Mala Buni riƙo. Obaseki ya koma PDP ya ci zaɓe a Satumba. Tun 2023 Oshiomhole sanata ne mai wakiltar Edo ta Arewa, a jam'iyyar da ta cire tallafin mai gaba ɗaya a ranar 29 ga Mayun wannan shekara.

Masu kawo misalin Lula na Brazil su ƙarasa labarin. Shugaban ma'aikatan ƙarfe ne, amma jam'iyya suka gina tun 1980, reshe bayan reshe, ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa sau uku kafin ya ci a 2002. Frederick Chiluba na Zambiya kuwa daga shugabancin ƙwadago ya hau mulki a 1991 a kan haɗakar da ba ta ma'aikata ba, kuma a zamaninsa aka sayar da kamfanonin gwamnati, dubbai suka rasa aiki. Tamu jam'iyyar Labour ta zama motar haya: Gwamna Mimiko ya hau a Ondo ya sauka, Peter Obi ya hau a 2023, har ta kai a 2024 NLC na zanga-zanga a ƙofar ofishin jam'iyyar da ta ce tata ce.

Shawararmu ga rassan ƙwadago na jihohin Arewa ita ce su yi wa ɗan takara abin da suke yi wa mai kamfani. Kafin a ɗaga hannun kowa, ko tsohon shugabanmu ne, a zauna a rubuta: ranar biyan albashi a wata, jadawalin biyan bashin fansho da kuɗin sallama, ƙarin girma tare da kuɗinsa, ba takarda kawai ba, da alkawarin ba za a rage ma'aikata ba sai an zauna da ƙungiya. In ɗan majalisar tarayya ne, ya sa hannu cewa zai ƙi duk yunƙurin mayar da mafi ƙarancin albashi hannun jihohi, kamar wanda aka yi a 2021, kuma zai nemi a sake duba dokar 2005. A buga takardar a jarida, a sa ranar da za a dawo a karanta ta a gabansa kowace shekara. Kafin wannan ma akwai aikin da ya fi gajiyarwa: a gyara tsarin mulkin ƙungiya a buɗe asusun siyasa na ganin dama, daban da kuɗin ƙungiya, kuma a sake rubuta sunayen mambobi bisa mazaɓa da rumfar da kowa ke zaɓe. Najeriya na da mazaɓu 8,809 da rumfuna 176,846, kuma da wuya a sami mazaɓar da babu malamin firamare ko ma'aikacin lafiya a cikinta. Fom ɗin takarar gwamna a APC a 2022 naira miliyan 50 ne, na sanata miliyan 20. Duk shugaban ƙwadagon da ya fito takara, a tambaye shi a bainar jama'a wa ya saya masa.

Muna kuma roƙon wakilinku na Majalisar Dattawa, in ya sami Sanata Oshiomhole, ya tambaye shi ina aka kwana kan haƙƙin tsofaffin ma'aikatan KTL, wadda jihohin Arewa 19 ne masu ita, da kuma ko yana da ƙudurin da zai gabatar kan dokar da aka yi domin karya shi a 2005.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu bibiyar harkar ƙwadago,
Kakuri, Kaduna.